Iya da Jemagun Ɗorawa

Ranar sadakar uku wata dattijuwa ta zo daga Wusasa, malamar makaranta ce da ta yi ritaya. Ba wanda ya san ta a cikinmu. Ta tuɓe takalmi tun daga bakin zaure, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana cewa ya haƙuri, sannan ta zauna a gefen tabarma ta ce ita fa tun tana amarya ba ta taɓa sa wata daddawa a miyarta ba sai ta gidan nan. Aike take yi, ba su taɓa haɗuwa da mai ita ba. Ta ce, "Na zo in ga gidan da hannun nan yake." Sai kuka ya ci ƙarfinta, mu masu rashin muka koma ba ta haƙuri.

Ƙanwar marigayiyar, wadda yara ke kira Goggo, tana jan carbi tana cewa, "Yaya ba ta taɓa zagin ɗan kowa ba. Ni dai da nake ƙanwarta na sha ranƙwashi." Wata maƙwabciyarmu mai barkwanci ta numfasa ta ce, "Allah ya ji ƙan Iya. To yanzu wa zai riƙa tsaya wa jemagu a nan unguwar Kusfa? Lauyarsu ta tafi." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, irin wadda ake yi ana goge ido. Baƙin da suka zo daga nesa suka yi ta kallon juna, ba su gane ba. Ina jin wata tana raɗa wa wata, wai ai tsohuwar ce da ta yi fushi da autanta saboda jemage.

To don haka na ɗauki biro. Rubutuna ba na 'yan makaranta ba ne, a ajin yaƙi da jahilci na koya, ina da 'ya'ya uku, kuma ita ce ke riƙe mini na goye in na tafi aji bayan la'asar. In an ga kuskure a yi haƙuri. Ba zan kama sunanta ba, uwar mijina ce. Iya muke ce mata, mu da unguwa duka.

Sana'arta daddawa. A bayan gidanmu akwai lambu da ya miƙa wajen ganuwa, da rijiya a tsakiya, da manyan ɗorawa biyu da ta ce ta tarar da su a haka ranar da aka kawo ta. Kalwarsu ba ta isarta shekara, tana ƙarawa da ta kasuwa, amma ba ta haɗa su a tukunya ɗaya. Ta gida daban take dafawa, ta surfa, ta wanke, ta rufe da ganye a kwando ta kai ɗakin baya, kuma ba wanda ya isa ya buɗe kafin kwanakin su cika. In ka tambaye ta ko ta nuna, sai ta ɗaga hanci sama ta ce, "Saura kwana ɗaya." Ba ta taɓa kuskure ba. Ba ta da yawan magana. In aka kawo mata ƙarar wani, ko labarin wani abu, abin da za ta fara cewa shi ne, "An duba fuskarsa?"

Wannan tambaya na fara jin ta ne ina sati biyu da zuwa gidan. Na ɗaga labule da safe sai ga wani baƙin abu manne a bango kusa da jeren kwanukana. Na ƙwalla ihu na yo waje. Iya ta taso daga bakin murhu, ba gaggawa, ta shiga da tsumma ta kamo shi.

"Jemage ne, Iya, a kashe shi!"

"Kin duba fuskarsa?"

Ni ina zan iya. Ta matso da shi sai da na duba. Ta ce, "Ga ido kamar ƙwayar gero, ga kunne ya fi kai, ga wutsiya irin ta ɓera. Wannan na azara ne. Sauro da ƙwari yake ci. Wari gare shi, ba na musu, amma sauron da zai ciji ɗanki shi ne tuwonsa." Ta kai shi rumfar awaki ta manna shi a sama ta dawo ta wanke hannu da toka.

Ɗaya irin kuwa sai da ɗorawa ta yi fure ta nuna mini, lokacin da jajayen tuntayen nan ke reto a jikin reshe. Muna cikin lambu da magariba ta ce in tsaya in ɗaga kai. Ta ce na azara fir-fir yake yi, ya karkace nan ya karkace can. Masu cin 'ya'yan itace kuwa manya ne, fiffike a hankali, hanya miƙe kamar wanda aka aika. Su ma iri biyu ta sani. Akwai mai wuya ruwan kara, wanda ke kwana jama'a guda a kan rimi suna hayaniya kamar kasuwa. Akwai kuma ɗan madaidaici mai farin gashi a gindin kunne, namijin har da fari a kafaɗa, shi ne ke yin ƙwam, ƙwam a cikin mangwaro kamar maƙeri a nesa. Duka biyun fuskar ɗan kwikwiyo gare su, da manyan idanu, wutsiya kuwa sai ka nema. Ta ce in suka tusa baki a furen ɗorawa suna lasar zaƙin, garin furen ke manne musu a fuska su kai wa wata bishiyar. "In ba su zo ba, fure zai zube a banza. Kakata ta gaya mini, ni ma na gani da idona shekarar da aka kore su da hayaƙi daga rimin can. Kwando ɗaya ban cika ba."

Mutane na yi mata dariya. Yara masu danƙo dai sun san ba a harbi a bayan gidan Iya. Ba ta duka, ba ta zagi. Za ta kira ka ta ba ka ƙosai, ta riƙe danƙon a cinyarta har ka gama ci, ta tambaye ka lafiyar kakarka, sannan ta miƙa maka abinka. Ba mai son a yi masa haka sau biyu.

'Ya'yanta maza biyu ne suka rayu. Mijina ɗan fari ne, don haka ba ta kama sunansa, ba ta doguwar magana da shi. "Wancan" take cewa, ko "maigidanku". In tana da saƙo gare shi ta bakina yake bi, nasa ma haka. Autan kuwa shi ne abokin hirarta. Yana koyar da aikin ƙarfe da lantarki a wata makaranta, ya kama ɗaki a Tudun Jukun, amma kullum a gida yake cin tuwon dare, a gabanta, tana tsince masa ƙashin kifi kamar yaro. Ni da shi akwai wasa, irin na matar wa da ƙanin miji. Ina ce masa Injiniya, yana ce mini Matar Yaya Sarkin Ƙorafi.

Ƙorafin nawa kuwa guga ne. Rijiyarmu na da zurfi, da rani ruwa ya yi ƙasa, ga wanke kalwa, ga wanki, ga albasa da latas da ake ban ruwa. Tafin hannuna duk kanta. Wata rana ya gan ni ina ja ina haki ya ce, "Matar Yaya, ki ba ni wata uku, iska ce za ta riƙa ja miki ruwa."

Na ce, "Injiniya, rediyon Iya da ka kwance tun bara yana nan a kwano."

Ashe da gaske yake. A ƙarshen shekarun tamanin ne. Ya yi ta kwaso ƙarafa a bayan babur, da injin caji na wata tsohuwar mota, da batir. Ya kafa doguwar hasumiya ta ƙarfe kusa da rijiya, ya ɗora mata fanka mai dogayen fukafukai uku da wutsiya kamar ta kifi. In iska ta kaɗa sai fankar ta juya, batir ya cika, ɗan famfo ya turo ruwa cikin tanki. Ya zaɓi tsakanin ɗorawan nan biyu, don a cewarsa nan iska ke matsewa ta yi ƙarfi. Ranar da ruwa ya fara zuba unguwa ta cika gidan. Iya ta tara hannu a bakin famfo ta sha, ta shafa masa sauran a ka. Ban taɓa ganin fuskarta ta yi haske irin na ranar ba. In baƙuwa ta zo sai ta ce, "Je ki bayan gida ki ga abin da yaron nan ya ƙera."

Wata biyu muna cikin daɗi. Sai ɗorawa ta yi fure.

Ni na fara gani. Na je ɗiban ruwa da sassafe sai ga jemage a ƙasa, fiffike a karye. Na duba fuskarsa, don an riga an koya mini. Mai farin kunne ne. Na tono ƙasa da ƙafa na rufe shi. Washegari biyu, jibi ma haka. Duk na binne, ban gaya wa kowa ba. Wannan laifina ne, na kuma faɗa mata daga baya. Ina tsoron guga, gaskiyar ke nan.

Da abin ya dame ni na gaya wa Auta. Ya ce, "Na soro ne, masu warin nan. Kowa ma so yake a rage su."

Na ce, "Ba su ba ne."

Ya ce, "To ke dai ki ce su ne."

Iya ba a ɓoye mata abu a lambunta. Wata safiya ta riga ni fita. Na tarar da ita a tsugune a gindin hasumiya, ta shimfiɗa tsohon buhu ta jera su a kai. Ta aika a tsayar da Auta, wanda ya biyo ta gida zai wuce makaranta. Ya zo da hular babur a hannu.

"Iya, ina kwana. Ai na azara ne waɗannan, kada ki damu kanki."

 Ta ɗaga ɗaya ta juyo da shi. "Ina wutsiyar?" Ya duba bai gani ba. Ta buɗe fiffiken. "Na azara farce ɗaya gare shi a nan. Wannan nawa ka gani?" Ya ce biyu. Ta shafa hancin da yatsa ta nuna masa, gari ya manne rawaya. "Daga wurin aiki yake. Aikina yake yi."

"Iya, don Allah, jemage ne fa. Jemage! Mutane na shan ruwa, unguwa na ɗiba, albasa ta yi kyau. Sai a tsayar da duk wannan saboda abin da ko yanka shi ba a yi?"

"Ban ce ka tsayar ba. Na ce ka duba."

"Na duba. Ba wani littafi da na karanta da ya ce ɗorawa sai da jemage."

"To littafin bai zauna a lambun nan ba."

A nan ya yi maganar da bai kamata ba. Ya ce, "Wannan duk camfin tsofaffi ne." Ya sa hula ya tafi. Ni na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Iya kuwa ko kai ba ta ɗaga ba, hankalinta na kan ta ƙarshe a jerin, wata mace. A ƙirjinta akwai ɗa, tsirara, bai fi babban yatsa ba, ya ƙanƙame gawar uwar yana motsi.

Ta ɓamɓare shi a hankali. Ta rataya wani tsohon ɗankwali a cikin kwando ya kama da ƙafafu, kai a ƙasa. Tana tatso nonon akuya ta tsoma auduga ta ɗiga masa. Goggo da ta zo ta gani ta riƙe baki ta ce, "Yaya, jika kika samu? Yaushe suna?" Iya ta ce, "In an yanka rago za a aiko miki da kai." Kwana uku ya yi. Ran na huɗu ta fito da kwandon ba komai a ciki, ta wanke ta kife. 

Daga ranar ba ta ƙara taɓa ruwan tanki ba. Ba ta hana kowa ba, ba ta yi wa kowa wa'azi ba. Da asuba sai mu ji ƙarar guga. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, tana jan ruwan alwalarta da na shanta da na kalwarta, ga famfo a gefenta yana ɗiga. In na karɓa sai ta ce, "Ke je ki, hannunki bai gama warkewa ba." Na koma ja tare da ita, don ba zan iya tsayawa ina kallo ba.

Auta ya zo da yamma ya gan ta da igiya a hannu. Ya ce, "Iya, so kike a ce na bar uwata tana jan guga?"

Ta ce, "Ba ka bar ni ba. Ni na ɗauka."

"Ki bari don Allah."

"Tuwonka na ɗaki."

Bai ci ba. Washegari bai zo ba, jibi bai zo ba. Wasa-wasa sai da aka yi kwana goma sha ɗaya. Kullum sai ta sa a zuba nasa a rufe, da safe a ɗumama wa yara. Injin na can yana juyi ba dare ba rana, ba wanda ya san yadda ake tsayar da shi, ita kuma kowace safiya ta fita da buhunta. Magana ta fara yawo a unguwa. Mijina ya rame. Ya ce mini, "Abin da nake tsoro, tsohuwa ce. In wani abu ya faru suna haka, yaron nan ba zai ƙara samun sukuni ba har ya mutu. Ki yi mata magana, kin san ni ba zan iya ba."

Na same ta tana murza kalwa. Na durƙusa na fara da nawa laifin, na ce na binne wasu ban faɗa ba. Ta ce, "Na ga wurin. Ƙasar da aka tona da ƙafa ba ta ɓuya." Sai na ce, "Iya, mutane na cewa kin yi fushi da shi."

Ta tsaya da murzar. "Fushi? Da wa? Shi ya zage ni da ƙuruciya, ni kuma na kunyata shi da guga. Na san abin da nake yi, ban kuwa kyauta ba." Ta ɗauraye hannu. "Wai kin iya wasiƙa yanzu, ko har yau baƙaƙe kuke ƙirgawa?"

Na ce zan gwada. Ita ce wasiƙar farko da na taɓa rubutawa wadda ba ta aji ba. Na yago takarda daga littafina, tana faɗa ina rubutawa. Ga abin da ta ce:

"Auta, ina gaishe ka. Ina lafiya, gwiwa ce dai. Ban ce ka rushe abinka ba, abu ne mai kyau, ni na fara shan ruwansa. Amma keke ma yana da birki. Naka ba shi da shi ne? Ka zo ka nuna mini. Ka zo kafin magariba, kuma ka zo da yunwa."

Na karanta mata ta ce in goge maganar gwiwa, kada ya ce tausayi take nema. Na ce in na goge takardar za ta yi baƙi. Ta ce to a bari. Mijina ya sa a aljihu, da zai fita aiki ya bi ta Ƙofar Doka ya kai masa.

Ran nan da la'asar muka ji babur. Auta ya shigo yana sunkuyar da kai, ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa kamar jiya suka rabu. Da ya gan ni ya ce, "Matar Yaya, rubutunki kamar sawun kaza a kan taɓo."

Na ce, "Sawun kazar dai ya kawo ka."

Ya ce wa Iya gaskiya bai yi masa birki ba, bai taɓa tunanin za a so a tsayar da shi ba. Ya jira iska ta ɗan lafa ya hau da igiya a kafaɗa. Iya ta tsaya a ƙasa tana salati, tana cewa, "A hankali, don Allah a hankali, in ka faɗo me na yi ke nan?" Ya ɗaure fiffike ɗaya a jikin ƙarfe ya sauko.

Bayan sallar magariba ta sa na kai musu tabarma lambu. Sama ta yi ja, ba a rasa gani ba tukuna. Ta ce masa ya fuskanci rimin ganuwa. Sai ga su. Ɗaya, biyu, sannan jeri guda, ƙasa-ƙasa, duk ta tsakanin ɗorawan nan, ta gefen fukafukan da ke tsaye, wasu har kamar za su goga. Suka watsu cikin furanni, rassa na motsi.

Ta ce, "Iskar da ka biyo ka kafa abinka, su ma ita suke biyowa. Sun riga ka ne kawai."

Ya daɗe yana kallo. Can ya nuna ya ce, "Wancan ƙaramin fa, mai karkacewa?"

"Na azara. Ba ruwansa da fure."

"Wannan babban?"

"Kai ka gaya mini."

Ya ce mai wuya ruwan kara. Ta ce, "A'a, dubi dai. Bai kai shi tsawon fiffike ba." Suka yi ta yi har aka kira isha'i. Ya ci tuwo malmala biyu.

Cikin satin ya ƙera wata dabara, igiya daga wutsiyar fankar har ƙasa. In an ja ta aka ɗaure a ƙugiya sai fankar ta kauce wa iska, ta yi ta raguwa har ta tsaya. Suka shirya cewa muddin ɗorawa na fure, ko bishiyar kuka, da lokacin da mangwaro ya nuna, za a ɗaure kafin rana ta faɗi a kwance bayan gari ya waye. Kada in ɓoye, abin ya ci masa. Iskar dare ce mai ƙarfi, tanki ya daina cika, fangalin albasa na can ƙarshe ya bushe, ni ma wasu ranakun na koma guga. Yakan yi gunaguni ya ce shi kaɗai ne a duniya ya ƙera inji ya ba jemage hutun dare. Iya ta koma shan ruwan famfo tun ranar da aka ɗaura igiyar. Buhun nan kuwa bai ƙara amfani ba sai jefi-jefi.

Kalwar shekarar ba ta yi yawa ba. Iya ta ce ɓarnar farkon fure ce. Auta ya ce ruwan bara ne bai isa ba. Ta shekara mai zuwa ta yi kyau, Iya ta ce to ka gani, shi kuma ya ce ai damina ce ta yi albarka. Ba wanda ya ci wani.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. Iya ba ta tone-tone, in magana ta wuce ta wuce. Shi kuwa so yake ya ji da kunnensa. Ya sha tare ni a bakin murhu ya ce, "Matar Yaya, kina ganin ta yafe kalmar nan da na faɗa?"

In ce, "Mutumin da ake tsince wa ƙashin kifi yake tambaya?"

Ya ce, "Ba wasa nake ba. Na fara roƙonta sau biyu, sai ta ce in miƙo mata goro. Da, ko ƙofa na gyara sai ta sa mini albarka. Tun ranar ban ji ta faɗa ba."

Ni ban lura ba sai da ya faɗa. Ko mantuwa ce, ko kunya ce ta shiga tsakaninsu bayan rigimar, ban sani ba. Na yi niyyar in tambaye ta, na yi ta ɗagawa.

Rani biyu ta ƙara. A na ƙarshen ciwo ya kwantar da ita, ɗorawa na tsakiyar fure. Kwana tara ta yi. Ran na takwas tun safe ba ta yi magana ba, ruwa ma sai a cokali. Gida ya cika da 'yan uwa, kowa hankalinsa na ɗakin. Goggo na gefen kanta, ni ina riƙe da ƙafafunta, Auta a durƙushe a bakin gado tun azahar. Mijina na tsaye a bakin ƙofa, bai shigo ba, bai kuma tafi ba.

La'asar ta yi sanyi sai muka ga leɓenta na motsi. Goggo ta kai kunne ta ce wa Auta, "Kai take kira."

Ya matso. "Iya, ga ni. Iya, ki yafe mini."

Ta buɗe ido ta ce, da wata 'yar murya, "Rana ta kusa faɗuwa."

Muka ɗauka irin maganar masu tafiya ce, Goggo har ta fara kuka. Ɗakin ya yi tsit. A cikin shirun ne muka ji shi, fuu, fuu, fuu, daga bayan gida. Ba wanda ya tuna da igiya ranar.

Ya miƙe ya fita a guje, ko takalmi bai sa ba. Iya ta karkata kai wajen taga tana saurare. Ƙarar ta ragu, ta ƙara raguwa, ta tsaya. Ya dawo yana haki ya durƙusa inda yake.

"Na ɗaure, Iya."

Ta laluba ta kamo hannunsa, da baƙin mai da komai, ta ɗora a ƙirjinta. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka." Duk wanda ke ɗakin ya ji. Ta huta kaɗan, sannan ta juya ido wajen ƙofa ta ce, "Da wancan ma."

Mijina ya zame ya zauna a dokin ƙofa, ya rufe fuska da hula.

Ta cika washegari da hantsi, da kalmar shahada a bakinta. Allah ya gafarta mata, ya yalwata mata makwanci, ya zaunar da ita a inuwar da ta fi ta ɗorawanta sanyi. Mu da ta bari, Allah ya ba mu haƙurin tsayawa mu duba kafin mu ɗaga hannu. Amin.